A Yi Hattara da Ƙwayoyin Ciwon Gaɓɓai da Ake Tallatawa a Kasuwannin Ƙauye

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman fili a jaridarka mai albarka domin in ja hankalin jama'a kan ƙwayoyin glucosamine da chondroitin, waɗanda masu talla ke sayar wa dattawanmu masu amosanin gaɓɓai a ranakun kasuwa a yankin Ringim.

Akasarin glucosamine daga ɓawon jatan lande da ƙaguwa ake haɗa shi, saboda haka duk wanda cin waɗannan halittu ke tayar wa borin jini, ko mai fama da asma, bai kamata ya sha ba sai ya tuntuɓi likita. Shi kuwa chondroitin daga guringuntsin shanu, ko kifin shak, ko ma alade ake samo shi, abin da ya isa ya sa Musulmi ya karanta jikin kwali.

Mahaifiyata tana da ciwon suga, kuma ta yi wata biyu tana shan ƙwayar kafin mu sani, domin mai tallar ya ce mata ai "abinci ne". Likitan da ya duba ta ya ce a riƙa auna suganta akai-akai, sannan ya yi gargaɗi cewa haɗa ƙwayar da warfarin, maganin tsinka jini, yana iya jawo zubar jini. Wani babban bincike da aka wallafa a Amurka a 2006 ma bai nuna ƙwayoyin sun fi ƙwayar bogi, wato wadda babu magani a cikinta, amfani ga galibin marasa lafiyar ba.

Ina roƙon hukumar NAFDAC, mai kula da ingancin abinci da magunguna, ta leƙo kasuwanninmu.

Mai karatunku,
daga ƙaramar hukumar Ringim, Jihar Jigawa