Wasiƙa Zuwa ga Aminina a Alƙahira

Jos, Jihar Filato.

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara, kuma karatu yana tafiya yadda ake so. Mu nan lafiya lau, sai sanyin hunturun Jos da ka san halinsa, wanda ya sa nake rubuta maka wannan amsa a lulluɓe cikin bargo bayan sallar Isha'i.

Ka tambaye ni ko ka buga labarin da ka kammala da kuɗinka, ko kuwa ka jira wani kamfani ya karɓa. Shawarata ita ce ka buga da kanka, domin kamfanonin da ke ɗaukar nauyin ƙagaggen labari na Hausa ba su da yawa, waɗanda ake da su kuma hankalinsu ya fi karkata ga littattafan manhajar makarantu, inda suke da tabbacin ciniki. Sai dai akwai abin da mai buga wa kansa yake rasawa, kuma shi nake so mu tattauna.

Ka tuna cewa littattafan da suka fito daga gasar da Rupert East, wani Bature jami'in ilimi, ya shirya a 1933, wadda ta fito da su Abubakar Imam, ba su isa maɗaba'a ba sai da aka zauna a kansu aka tace. Haka aka ci gaba a Zariya, daga Kamfanin Gaskiya har zuwa kamfanin buga littattafai na Arewa, wato NNPC, da aka kafa a 1966. Da tattalin arziki ya taɓarɓare a shekarun 1980, sai matasan Kano, mata da maza, suka daina jiran kowa, suka riƙa kai rubutunsu ƙananan maɗaba'u da kuɗin aljihunsu. An yi musu laƙabi da Adabin Kasuwar Kano don a rage musu daraja, amma ni ina ganin girmansu, domin su ne suka shigar da littafi ɗakunan matan aure da ba a taɓa lissafa su cikin masu karatu ba. Abin da ya faɗi a hanya shi ne mai tacewa, wato wanda zai karanta kafin jama'a ya ce wannan babi bai nuna ba.

Na san wannan a jikina. Lokacin da na buga littafina na farko, kwafi 500, na miƙa rubutun ga wata maɗaba'a a nan garin, kuma don ɗoki ban nemi a ba ni gwajin shafukan na duba ba. Ranar da na je karɓa, na yanke igiyar kwali na farko ina shaƙar ƙamshin sabon tawada, na buɗe shafi na uku, sai na ga inda na rubuta cewa gidan ya cika da baƙi an buga gidan ya cika da baki. Ashe nau'in haruffan da suka sa a kwamfutarsu ba shi da masu lanƙwasa, sai mai aikin ya mayar da kowace ɓ da ɗ da ƙ ta zama b da d da k. Daga baya wani tsohon malamin Hausa da ya yi ritaya ya bi littafin da jan biro, ya nuna mini cewa ko ban da wannan, na haɗe kalmomin da ake rabawa a wurare da dama, kuma babi biyu na tsakiya maimaici ne kawai. Na biyun nan ya fi yi mini ciwo, domin ba laifin maɗaba'a ba ne.

Sauran al'amuran masu sauƙi ne a faɗa. Lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, a Ɗakin Karatu na Ƙasa ake samunta, kuma doka ta ce a ajiye musu kwafi uku. Kada ka buga da yawa a karon farko, domin takarda daga waje ake shigo da mafi yawanta, kuma tun da darajar naira ta faɗi a 2023 kuɗinta ya yi tashin gwauron zabi. Masu shago za su karɓa a kan sai an sayar a biya, 'yan'uwa za su nemi kyauta, alkawuran da ake yi a taron ƙaddamarwa kuma kada ka sa su cikin lissafi sai sun shigo hannu. Intanet ta kawo masu karatu da yawa, amma littafin da ka sayar wa mutum ɗaya a WhatsApp kan wayi gari a hannun mutum ɗari, kuma rufe OkadaBooks, dandalin sayar da littattafai a intanet, a 2023 ya nuna mana hatsarin dogaro da kafa ɗaya.

Kada kuma ka yi tunanin barin koyarwa don rubutu. Ni har yanzu bayan sallar Asuba nake rubuta shafi ɗaya ko biyu kafin in fita aiki, kuma albashin nan ne yake ba ni damar jinkirta littafi shekara guda idan bai yi mini ba.

Saboda haka ka turo mini rubutun kafin ka yi magana da kowace maɗaba'a. Zan karanta, sa'an nan in buga shi a takarda in kai wa malamin nan, domin ba ya karatu a waya. Yakan ɗauki kamar wata biyu, kuma ba ya sassauta wa kowa, don haka ka shirya zuciyarka. Ka bar faɗin gefen kowane shafi yadda jan bironsa zai sami wuri.

Ka gaishe mini da maiɗakinka da yara. Allah ya ba da sa'ar karatu, ya dawo mana da ku lafiya.

Wassalam,
Naka aminin kullum.