Ba Rocket kaɗai ba, a riƙa tunawa da igiya da ramukan Liverpool

Malam Edita, assalamu alaikum.

Don Allah a ɗan ba ni fili, akwai abin da ya daɗe yana min tsaye a rai. Duk sanda aka tashi ba da tarihin jirgin ƙasa sai ka ji injiniya George Stephenson, sai ka ji Rocket, wato kan jirgin nan da ya ci gasar gwajin kawunan jirgi da aka yi a Rainhill a 1829, shikenan an rufe babi. Toh ai da sauran magana, domin a ranar 15 ga Satumba 1830 da aka buɗe layin dogo tsakanin Liverpool da Manchester a Ingila, kan jirgi ba ya iya shiga cikin garin Liverpool ɗin ma, a unguwar Edge Hill yake cin birki a cire shi, daga nan igiya ce ke karɓar aiki.

Dalili kuwa Edge Hill na kan tudu ne, tashar jiragen ruwa tana can ƙasa bakin kogin Mersey, tsakaninsu gari ne cike da gidaje, ga auduga tana sauka daga Amurka masaƙun Manchester na jira, ba yadda za a yi a rushe gari a shimfiɗa dogo, sai aka ce a bi ta ƙarƙashi. A 1826 aka fara haƙa ramin Wapping, aka gama a 1829, tsawonsa ya ɗan haura kilomita 2, kuma shi ake cewa ramin sufuri na farko da aka huda a ƙarƙashin babban birni. Gangararsa, duk tafiyar mita 48 ka sauka mita 1. A ido kamar ba komai, amma kawunan jirgi na lokacin ba su da ƙarfin hawa da kaya, ga hayaƙi da zai turnuƙe ramin. Sai aka girke manyan injinan tururi a Edge Hill suna juya doguwar igiya tana jawo taragu zuwa sama, in za su sauka kuma nauyinsu ne ke kai su, mai birki na kai yana riƙewa. Ni dai wannan mai birkin nake jinjina wa wallahi, cikin duhu, tarago cike da kaya yana gangarawa, hannunsa ne kawai tsakaninsa da haɗari.

Yadda aka haƙa shi ne ya fi ɗaure min kai. Ba wai daga baki ɗaya aka fara aka fita ɗaya bakin ba, a'a, rijiyoyi aka nutsa a wurare daban-daban a kan layin, leburori su sauka ƙasa su riƙa sara ta gaba da ta baya da diga da shebur da albarushi, hasken kyandir kawai, ana fitar da ƙasa ta bakin rijiyar, har wannan ƙungiya ta haɗu da waccan. In safiyo ya kuskure ko kaɗan sai ramuka su saɓa, kuma an samu kuskuren awo tun farko, wani injiniya Joseph Locke ne ya gano, rigimar da ta biyo baya ta sa injiniya Charles Vignoles ya ajiye aikin bayan sun saɓa da George Stephenson. Sunayen waɗannan ukun suna nan a littattafai, na masu digar da ruwa ke ɗiga musu a ka kuwa oho. Da aka gama sai aka shafe bangon da farar ƙasa aka kunna fitilun gas, jama'a suna biyan sule ɗaya su shiga su sha kallo, mutum ya biya kuɗi don ya yi yawo cikin rami!

Fasinjoji su ma ba su tsira daga igiya ba. Tashar farko ta Crown Street wani ɗan gajeren rami ne ke kai wa gare ta, da igiya ake jan taragun. Da aka ga ta yi nisa da tsakiyar gari aka haƙa wani aka buɗe tashar Lime Street a 1836, nan ma igiya ce har 1870, shekara 34 kenan, daga baya aka fasa rufin mafi yawan ramin ya zama buɗaɗɗen kwari saboda hayaƙi da kuma ƙarin layuka, shi ya sa wanda ya shiga Liverpool ta jirgi yau zai ga jan dutse tsaye dama da hagu. Sai ramukan Victoria da Waterloo a 1849 zuwa tashoshin ruwa na arewa, a na Victoria sai 1895 aka bar igiya. Na ƙarƙashin kogin Mersey da aka buɗe a 1886 shi kam da kan jirgi mai gawayi aka fara, hayaƙi ya kori fasinjoji suka koma jirgin fito, dole a 1903 aka mai da shi na lantarki.

Wapping da Victoria da Waterloo duk an daina bin su tun farkon shekarun 1970, suna nan a ƙarƙashin gari, lokaci lokaci ana maganar a sake amfani da su amma har yanzu shiru. Roƙona in za ku taɓo wannan tarihi a shafinku ku haɗa da su, ku sa hoton bakin ramukan na Edge Hill ko da ɗaya ne.

Na gode, Allah Ya ƙara basira.

Naku,
Mai karanta jaridarku