Wasiƙa zuwa ga Bashir a Fatakwal

Ƙofar Na'isa, Kano.

Aminina Bashir,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da iyali, da ɗan baƙonmu da aka yi suna ban samu zuwa ba. Allah Ya raya shi. Mu nan zafi ya sa mu a gaba.

Ka yi ƙorafin na ɓuya. Aikin Kawu ne ya riƙe ni, a gidan ruwan leda da ya buɗe a Sharaɗa. Yana da famfo uku, ɗaya can bakin rijiyar burtsatse, wajen mita 200 daga ofis, kowanne da na'urar da ke saita gudun injinsa, wadda masu aikin ke kira VFD. A da yaro ake aika ya kunna ya kashe. In ya manta, tanki ya yi ta ambaliya, ko inji ya yi ta juyi babu ruwa. Kawu ya ce so yake a riƙa komai daga kwamfutar ofis.

Ka tuna ramin nan mai haƙori tara a bayan tsofaffin kwamfutoci, da muke cewa zamaninsa ya wuce? To, shi na koma wa. RS-232 ke nan, tun 1960 aka fito da tsarinsa. Saƙo yana bin waya ɗigo-ɗigo, ɗaya bayan ɗaya, kamar awaki a ƙofar garke. Haƙora uku ne ke aikin: na 2 karɓa, na 3 aikawa, na 5 ƙasa, wato ground. Kuma sai ka gitta su, bakin wannan ya je kunnen wancan.

Na fara gwaji a kan tebur da Arduino, wani ɗan allon lantarki da ake rubuta wa shiri, nan na sha kashi. Na haɗa shi da ramin kwamfutar kai tsaye, na manta RS-232 yana iya kaiwa bolt 15 sama da ƙasa, shi kuwa Arduino bolt 5 ya sani. Allon ya ƙone. Washegari na shiga Sabon Gari na sayo wani, tare da MAX232 da ke daidaita wutar tsakaninsu. Da na haɗa kuma, sai PuTTY, shirin da ke nuna saƙon da ke shigowa kwamfuta, ya cika min fuska da rubutun shirme. Na yi awa biyu ina zargin waya, ashe na saita Arduino a gudun ɗigo 9600 a daƙiƙa, kwamfuta tana sauraro a 115200. Babu wayar agogo tsakaninsu, Bashir, dole tun farko su yi ittifaƙi kan gudu da tsarin harafi. A tsarin 8N1 kowane harafi ɗigo goma ne, da na buɗewa da na rufewa, don haka 9600 na ba ka haruffa 960 a daƙiƙa. Ga mai kunna famfo, wannan ya isa har da ragi.

Amma RS-232 ba ya son nisa, da ka wuce mita 15 sai ya fara wasa. Shi ya sa na ja RS-485, wanda ke kaiwa mita 1200 da wayoyi biyu a murɗe, A da B. Abin da ya burge ni shi ne bambancin wutar da ke tsakanin wayoyin ake karantawa. Hayaniyar injuna in ta shigo, dukansu take shiga daidai wa daida, saƙo ya fita lafiya. Sai ka sa resisto mai om 120 a kowane ƙarshe.

Yaren da kwamfuta da na'urorin ke yi Modbus ne, na kamfanin Modicon tun 1979. Zaman fada ne sosai. Kowace na'ura da lambarta, kuma babu mai buɗe baki sai kwamfuta ta kira shi. Da umarni na 03 take tambayar halin da inji ke ciki, da 06 take ba shi sabon gudu, a ƙarshen kowane saƙo kuma akwai lissafin CRC da ke tona asirin wanda ya lalace a hanya. Famfo na uku ya yi min shiru kwana uku. Ashe masu ƙera kayan ba su haɗu kan wace ce A wace ce B ba. Ina juya wayoyin ya amsa. Wallahi har sujada na yi.

Yanzu ɗan shirin da na rubuta da Python, yaren rubuta shirin kwamfuta, yana zagaya famfunan duk daƙiƙa biyar. Kawu ya so a cire maɓallin tsayarwa na gaggawa, wai ya zama ado. Na ƙi. Kwamfuta tana iya daskarewa, kuma ba zan ɗora hannun ma'aikaci a kanta ba.

Ga roƙona. Damina na tafe, tsawa kuma tana son doguwar waya. Ka duba min a can ko za ka samu mai juya USB zuwa RS-485 irin mai raba wutar ɓangarorin biyu, guda biyu, ka ba direban mota ya taho min da su. Ka faɗa min kuɗin in turo.

Ka gaida Maman Abba. Hajiya tana tambayarka, ta ce ko Sallah za ta gan ka.

Naka,
Aminu