Abin da na gani a Mumbai da abin da na dawo na tarar a Katsina

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman ɗan fili a jaridarka domin in faɗi wani abu da ya tsaya mini a rai tun da na dawo daga Indiya, inda na yi mako bakwai ina jinyar yayana a wani asibiti da ke birnin Mumbai. Alhamdu lillahi ya sami sauƙi, kuma ba zancen jinyar ne ya sa na ɗauki alƙalami ba.

A masallacin da nake zuwa salla na saba da wani dattijo mai ɗinkin jakunkunan fata, kuma shi ne ya kai ni unguwarsu, wato Dharavi. Faɗinta bai kai murabba'in kilomita 3 ba, amma ana ƙiyasta mazaunanta sun kusa miliyan ɗaya. Akwai lungun da mutum biyu ba sa iya giftawa sai ɗaya ya karkace, iyali guda na kwana a ɗakin da bai fi shagon mai shayi ba, kuma tun da asuba ake bin layin banɗakin haya. A cikin birnin nan ne kuma attajiri Mukesh Ambani ya gina wa iyalinsa gida mai hawa 27. Ni da na tashi a Katsina, inda ko talaka yana da ɗan tsakar gidan da zai ɗaure akuya, sai na ji a raina cewa mun fi su rufin asiri.

Ban daɗe da wannan tunani ba. Da muka zauna a ɗakin dattijon sai ya nuna mini katin abincin iyalinsa, ya yi mini bayani da Turancinsa da bai fi nawa ƙwari ba. Tun shekarar 2013 Indiya ta yi dokar da ta ba wa marar ƙarfi haƙƙin karɓar kilo 5 na shinkafa ko alkama kowane wata, kowane mutum ɗaya a cikin gida, kuma mutanen da tsarin ya shafa sun kai kimanin miliyan 800. A da ana biyan ɗan kuɗi kaɗan, daga 2023 aka mayar da shi kyauta. Mutum zai je shagon rabo na unguwarsu, ya ɗora yatsa a kan na'ura, a auna masa. Hatsin kuwa gwamnati ce ke saye daga manoma a kan farashin da take sanarwa kowace shekara, ta adana a rumbunanta, saboda haka manomi ya san ƙasan farashin da zai sayar, mai ci kuma ya san ranar da zai karɓa. Dattijon bai ɓoye mini ba cewa akwai masu tauye awo, akwai kuma waɗanda sunansu ya ɓace daga rajista, amma da yake doka ce, wanda aka hana yana da bakin kai ƙara.

Wannan ne ya sa da na dawo gida na fara kallon garinmu da wani ido. Ƙididdigar da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta fitar a 2022 ta nuna 'yan Najeriya miliyan 133, wato kashi 63 cikin ɗari, suna cikin talauci ta fuskar abinci, lafiya, ilimi da muhalli, kuma kusan kashi biyu cikin uku nasu a Arewa suke. Wannan kafin a cire tallafin man fetur ne a watan Mayun 2023. Ba sai an karanta rahoto ba ma: duk mai bi ta Ƙofar Ƙaura ko Ƙofar Ƙwaya da yamma yana ganin mata da ƙananan yara da suka baro ƙauyukan Batsari, Jibiya da Safana saboda 'yan bindiga, mutanen da a da su ne ke cika rumbu su ba wasu zakka, yau suna miƙa hannu a gilashin motocin da kuɗin ɗaya zai ciyar da ƙauyensu shekara guda.

Ba na cewa masu hali a Katsina ba sa kyauta. Ana fitar da zakka, ana ciyarwa da azumi, kuma har yanzu akwai gidajen da almajiri ba ya komawa da kwano wayam. Gwamnatoci ma suna raba kayan tallafi lokaci zuwa lokaci. Sai dai duk wannan alfarma ce, tana zuwa ranar da mai bayarwa ya ga dama, ta hannun wanda ya ga dama, kuma sau da yawa sai wanda ya san wani ke samu. Magidanci ba zai iya tsara cefanen wata a kan buhun da bai san ko zai zo ba. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne hatsin a ƙasarmu ake noma shi: manomi ya sayar da masara da gero da araha lokacin kaka a kasuwannin Ɗandume ko Mai'aduwa domin ya biya bashin taki, masu jari su kulle a sito, sa'annan da bazara ya dawo ya sayi tiya a ninkin abin da ya sayar.

Roƙona ga 'yan majalisar dokokin jiharmu shi ne su duba yiwuwar yin doka, ko da za a fara da zawarawa masu marayu da 'yan gudun hijira ne kawai, wadda za ta ƙayyade tiya nawa kowane gida zai karɓa a wata, a saye hatsin daga manomanmu da kaka, a kuma liƙa sunayen masu karɓa a ƙofar gidan mai unguwa inda kowa zai gani. Ina kuma roƙonka, Malam Edita, ka tura wakilinka ya tambaye su nawa wannan zai ci idan aka kwatanta da abin da ake kashewa a rabon tallafi na shekara ɗaya, ka buga mana amsar.

Wassalam.

Naka mai karatu,
daga unguwar Ƙofar Marusa, Katsina.