Zuwa ga Malam Sani, kan tiyatar da aka yi mini a ƙoda

Agege, Legas.

Aminina Malam Sani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da su Baba, ina tabbatar maka labarin da ya iso ku a Katsina gaskiya ne. An cire mini ƙodar hagu, yau mako biyar ke nan, kuma alhamdu lillahi jiki yana ta sauƙi.

Ka tuna ciwon kwiɓi da zazzaɓin da ke taso mini tun muna tare a kasuwar Mile 12 ta nan Legas, wanda muke ɗauka shawara ce, in je kemis a yi mini allura in koma kan buhunan albasa. Ashe tsakuwa ce ta toshe bututun da fitsari ke bi daga ƙoda zuwa mafitsara. Fitsari ya taru, ƙwayoyin cuta suka samu wurin zama, ƙodar ta yi shekaru tana kumburi tana tara mugunya har ta mutu a tsaye. Da aka yi gwajin da ke auna aikin kowace ƙoda daban, ta hagun ba ta kai kashi 10 cikin 100 ba, ta daman ce ke ɗauke da ni. Likita ya ce barin ta hagun a jiki haɗari ne, domin cutar tana iya shiga jini.

Ba zan ɓoye maka ba, na tsorata, don na zaci za a tsaga ni daga ƙasan haƙarƙari. Sai aka yi mini bayanin tiyatar ƙananan huji, wadda Dakta Ralph Clayman ya fara cire ƙoda da ita a Amurka a 1990. Bayan allurar barci, akan hura iskar kabon dayoksaid a ciki domin a samu sarari, a zura siririyar kyamara ta huji ɗaya, kayan aiki ta sauran, likita yana kallon allo yana aiki. Sai ya ɗaure jijiyoyin jinin ƙodar da bututun fitsarin, ya raba ta da abin da ke kewaye da ita, ya sa ta cikin 'yar jaka ya fito da ita ta wani yanka kaɗan.

Abin da ya sa na amince da likitan shi ne bai yi mini daɗin baki ba. Ya ce ƙodar da ta daɗe tana kumburi takan manne da hanji da naman da ke gefenta, saboda haka cire ta ya fi cire lafiyayya wuya, kuma idan abin ya gagara dole a koma babban yanka. Na sa hannu a kan hakan. Aikin ya ci awa huɗu, Allah Ya taimaka ba a kai ga tsagawa ba.

Da na farfaɗo, kafaɗa ce ta fi damuna, ba wurin ɗinkin ba, ma'aikaciyar jinya ta ce ragowar iskar ce. Washegari ƙanena ya riƙe mini jakar fitsari na taka zuwa bakin taga, a rana ta huɗu kuma aka sallame ni. Yanzu tabo uku ne kamar girman ƙwayar gyaɗa, da ɗaya mai tsawon yatsa.

Ƙoda ɗaya mai lafiya tana riƙe mutum, sai dai an hana ni magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen, da jiƙe-jiƙen da ba a san haɗinsu ba, da ɗaukar kaya mai nauyi tukuna. An ce in yawaita shan ruwa, in rage gishiri, in riƙa auna hawan jini.

Malam Sani, ka taɓa gaya mini kana ganin jini a fitsari. Don girman Allah ka je a yi maka hoton ciki da gwajin ƙoda cikin makon nan, ka aiko mini da sakamakon. Ka gaishe mini da Hajiya, ka ce addu'arta ta iso.

Naka har kullum,
Garba