Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Ƙanwata Mai Son Rubuta Ƙagaggen Labari

Assalamu alaikum, ƙanwata.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, kin tambaye ni a bainar jama'a daga ina marubuci yake samo labari, kin kuma ce kin daɗe kina jiran wani babban tunani ya zo miki kafin ki ɗauki alƙalami. Na ga ya dace in amsa a fili, domin ba ke kaɗai kike wannan jiran ba.

A ganina, abubuwan da za a gina labari a kansu ba su taɓa yin ƙaranci ba. Wanda ya yi ƙaranci shi ne mai tsayawa ya nemi dalilinsu. A shekarar 1872 wata mata ta jefa kanta ƙarƙashin jirgin ƙasa kusa da gidan marubuci Leo Tolstoy a Rasha. Jama'a sun ji, sun yi jimami, sun watse, amma mutuwar ta bi Tolstoy har cikin littafinsa Anna Karenina, wanda aka fara bugawa kashi-kashi a 1875. Abin da ya faru a tashar jirgin ana iya faɗinsa da jimla ɗaya, amma bayyana yadda mace za ta kai ga wannan matakin ya ci ɗaruruwan shafuka, kuma wannan shi ne aikin marubuci.

Saboda haka, duk abin da kika ji ko kika gani ya tsaya miki a rai, ki rubuta shi nan take, domin zuciya mantuwa gare ta. Daga nan ki tambayi kanki: wa abin ya fi yi wa ciwo, me yake nema, me ya tare masa hanya, kuma me zai rasa in bai samu ba? Muddin ba ki da amsar waɗannan, to jigo kawai kike da shi, ba ki da labari tukuna. Nan ne na fi ganin masu tasowa suna tuntuɓe, sai su ce za su yi rubutu a kan cin amana ko talauci, alhali mai karatu ba ya bin talauci daga shafi zuwa shafi, mutum yake bi. Ki bar tauraruwarki ta yi kuskure, ki kuma ba mugun labarinki hujjar da shi kansa ya gamsu da ita, in ba haka ba wa'azi za ki rubuta.

Kada ki tsaya gyaran babin farko alhali ba ki kai ƙarshe ba, domin sau da yawa ƙarshen ne yake nuna miki inda ya kamata ki fara. Idan kin kammala, ki ajiye rubutun na wasu makonni, sannan ki karanta hirarrakin da ƙarfi. Duk maganar da ta yi wa harshenki nauyi, ki sake ta. Bayan haka ki ba wanda ba zai ji nauyin gaya miki inda ya gaji da karatu ba.

Ina jiran ganin babinki na farko.

Wassalam,
Yayarki a harkar rubutu.