Zuwa ga ƙanina da ya ce na rena Bach

Ƙanina, ranar taron mawaƙan coci ka miƙe gaban kowa ka ce, Yaya, wai don me kake kiran Johann Sebastian Bach tica kawai, ai wannan reni ne ga mutumin da duniya ta sani. Lokaci ya ƙure ban samu na ba ka amsa ba, to ga ta nan.

Ni ban rage masa komai ba, takardar ɗaukarsa aiki ce ta faɗi haka. A 1723 majalisar garin Leipzig a Jamus ta ɗauke shi kanto, wato shugaban mawaƙa kuma malami a makarantar cocin Thomas, kuma ka san wani abu, ba shi suka fara nema ba ma, wani mawaƙi Telemann suka so ya ƙi, suka koma kan wani mawaƙin Graupner ubangidansa ya hana shi tafiya, sai da suka rasa sannan suka ce to a kawo Bach. Cikin sharuɗɗan har da koyar da Latin, shi kuwa bai da ra'ayin abin, sai ya riƙa cire kuɗi daga aljihunsa yana biyan wani ya shiga masa aji. Ko fita gari zai yi sai ya nemi izinin magajin gari. Ka faɗa min, wannan ba rayuwar tica ba ce?

A cikin ginin makarantar yake zaune da iyalinsa, bango ne kawai tsakanin ɗakin da yake rubutu da ajin yara, ka ƙiyasta hayaniyar. Yaran kwana hamsin da 'yan kai, su zai raba wa coci huɗu duk Lahadi. A shekarunsa na farko kusan duk mako sai ya fito da sabuwar kantata, waƙa ce ta wajen minti ashirin da muryoyi da kayan kiɗa, an ɗora ta kan karatun Littafi Mai Tsarki na ranar, kuma fa babu fotokofi, da alƙalami da tawada ake kwafe wa kowa nasa, matarsa Anna Magdalena da 'ya'yansa da ɗalibai duk sun sa hannu, a yi gwaji a gurguje, Lahadi da sassafe a rera. Kusan 200 ne suka iso gare mu, da yawa sun ɓace. Labarin shan wahalar Almasihu bisa Yohanna da ya fitar a 1724, da na Matiyu da ke cin wajen awa uku, duk da yaran nan aka rera su.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne 1730. Ya rubuta wa majalisa ƙorafi, ya jera yaran da sunayensu: 17 masu amfani, 20 ba su kai ba tukuna, 17 kuma babu abin da za a yi da su. Wallahi kamar ni ranar da na zauna tantance 'yan kwayarmu. A shekarar dai ya rubuta wa wani tsohon abokinsa yana kukan cewa a bara iska ta yi kyau, mutane ba su mutu da yawa ba, kuɗin waƙar jana'iza ya ragu masa da fiye da thaler 100, kuɗinsu na lokacin. Mai 'ya'ya ashirin, ko da yake rabi sun rasu suna ƙanana, dole ya yi lissafi.

Ya rasu a 1750 bayan aikin ido da bai yi kyau ba, kuma sai a 1829 da mawaƙi Mendelssohn ya jagoranci sake rera na Matiyu a Berlin mutane suka farga. Shekara 27 ya yi a makarantar nan. Ranar Asabar ka zo gwaji da wuri, zan kunna maka farkon na Yohanna, ka ji abin da aka sa yaran sakandare su rera, sai mu ga ko za ka sake ce min waƙar Ista tamu ta yi wuya.

Yayanka